Ɗauko Sabon Koci

"Yalla, mu je, Baba direba, ta da mota mu ɗauko sabon koci," in ji kyaftin.

Ya ta da, ransa a jagule. Tun da kocin ƙungiyar ƙwallon ma'aikata 'yan ci-rani ya koma Najeriya bayan Gasar Kofin Duniya, wayoyi ba su huta ba. Magoya baya na ta cacar baki, masu sharhi a Fesbuk sun rantse an ɗauki wani ɗan Gana mai takardu, kuma da direbansa zai zo. Wato yau ce fitarsa ta ƙarshe da yaran nan.

Daga unguwar ma'aikata ta Asian Town suka dinga nuna masa hanya, yana bi, hankalinsa na wani wuri. Sai da ya taka birki ya ga ƙofar gidansa ce. Matarsa na tsaye da usur a hannu, tana dariya. Kyaftin ya karɓi usur ɗin ya miƙa masa, ya ce shi ne sabon kocin.

"Haba 'ya'yana, ni me na sani a ƙwallo?"

"Baba, da korona ta kulle mu, wa ke aje mana tuwo a bakin get? Ƙwallo mun iya. Wanda ya san mu muke nema."

Ya sa usur a baki, amma kuka ya hana shi busawa.