Mai Sauraro a Bayan Darni

Yau ma ga mutumin nan, tsugune a bayan darni, ƙafafu duk faso. Ɗela ta leƙa shi ta tsakanin kara, gabanta ya faɗi.

Dole kuwa ya faɗi. Bara kumandan, Baturen mulkin Magariya, ya ce kowane maigari ya kai ɗansa lakwal, makarantar nasara. Mijinta, maigari Maikano, ya tsallakar da ɗansu Alhassan wajen dangi a Daura, ya samo wani yaro daga ƙauye, aka rubuta shi da sunan Alhassan. Ran da asirin nan ya tonu, rawani ya tafi, ɗan nata ma a zo a ɗauke.

To, yaron aron nan in'ina gare shi. Malamin lakwal, da suke ce wa Mushe, ya ce lalle ya riƙa karatu da ƙarfi a gida, sai ya zauna gindin darni kullum la'asar yana ta fama.

Nan baƙon ya same shi. Duk ran kasuwa sai ya zo, ya miƙo goriba ta kafar kara, ya ce, "Sake, a hankali. To, me suka ce da Hausa?" Yaro ya sunkuyar da kai ya faɗa. Abin mamaki, in mutumin yana nan, karatu sai ya tafi sumul, ba in'ina.

Ɗela ta ce ina! Wane talaka ne zai damu da karatun nasara in ba ɗan leƙen asiri ba? Ga shi ko sau ɗaya bai kira yaron Alhassan ba. Wallahi ya sani! Tsoro ya hana ta cin tuwo.

Rannan dai ta gaji. Ta ja mayafi ta zagayo, ta tsaya masa a ka.

"Bawan Allah, wa ya aiko ka? Kumandan ko gardin barikinsa?"

Mutumin ya miƙe. Can ciki karatu ya tsaya cak.

"Uwar ɗaki, ki rufa mini asiri, kar maigari ya ji. Ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Daga Kwaya nake takowa don in ji muryarsa kawai. Ku kuna ce masa Alhassan, amma ni da na yanka masa ragon suna, Laminu na sa masa."