Sunan Sallau

Tun da aka soke haruffa, dole kowane suna ya yi kama da mai shi, in ba haka ba saƙo ba ya isa. Shi ya sa Iya Tabawa ta kai wa Ɗanjuma mai zanen suna hoton ɗanta Sallau, wanda ya bar gida tun yana saurayi.

Ɗanjuma ya girgiza kai. "Iya, fuskarsa ta yau ake so, kuma sau ɗaya ake yarda a gwada."

Ba ta yi jinkiri ba. "Ɗan nan, ka san marigayi mijina. Zana shi yana ɗan arba'in, amma ka cire murmushin. Wanda ya shekara ashirin bai ga uwarsa ba, murmushin me zai yi?"