Tsohuwar Mota Mai Gado

Fitilar motar ta kama, dattijon ya yi hamdala.

Kwana tara yana bin wayoyin tsohuwar motar nan mai gado da murhu, sai yau ya gano wadda tsatsa ta cinye. Tun da masana'antar unguwar Vénissieux ta sallame shi daga aiki ya baro birnin Lyon, ya tare wurin ɗansa a Paris. A zatonsa da motar za su keta hamada zuwa Damagaram.

“Yaushe za mu tashi?” ya tambayi ɗan.

Ɗan ya ɗora masa akwatinsa bisa gadon.

“Babu tafiya, Baba. Gidan ya yi mana kaɗan, nan za ka riƙa kwana.”

Sannan ya miƙa hannu. “Ba ni makullin gidana.”