Jan Ganyen Gidan Kafili

"Halas, magana ta ƙare, ya hajji," in ji kafilin, Balaraben da ya tsaya masa yake yi wa aiki. "Ba zan sabunta maka iƙama, takardar zamanka, ba. Ka tsufa, ka koma ƙasarku."

Mai kula da lambun bai ɗago ba. Ya zuba wa tsiron da ya malale farfajiyar gidan ido, ganyensa ƙanana masu kauri, jawur kamar zoɓo. Ba shi da furfura ko ɗaya lokacin da ya fara haɗa irin a gwangwanaye a saman rufin ɗakinsa na unguwar Sa'alaba, yana ɗaukar garin fure da tsinke daga wannan zuwa wancan. Zafin Jidda ya ƙone sauran. Wannan kaɗai ya tsira.

"Kafin ka tafi, faɗa min sirrin," in ji kafilin. "Wanda na ba ƙanena ya koma kore."

"Ruwa ya yi masa yawa, ya ammi, maigidana. Sai da ƙishi yake yin ja. Ka bar shi a rana. Kada ya mutu, kada kuma ya ƙoshi."

Kafilin ya yi dariya, ya karɓe mabuɗin lambun daga hannunsa.

"Shi ke nan? Ai wannan na daɗe da iyawa."