Kofin da Jikana Ya Ciyo

Tunda kocin ƙwallon makarantarsu ya rako jikana har gida, ya durƙusa yana gaishe ni, na san da magana. Bai taɓa yin haka ba.

Ya ce, "Baba, jikanka namiji ne! Sun yi gware da ɗan mai makarantar, amma jikanka ya tashi ya ƙarasa wasan."

"Ɗayan fa?"

"An kai shi asibiti hoton kai."

"Nawa yaron fa?"

"Mun zuba masa ruwa. Ai jininku ƙarfe ne."

Ba na son yabon da ya yi yawa. Na dubi yaron. Yana rungume da kofin, yana kare idonsa daga hasken ƙofa.

"Kaka," ya ce a hankali, "wa ya ci wasan?"