Cizon Ɓera

Faifai na juyawa, matar mai gyaran garmahon na share hawaye, amma shi bai ji komai ba.

Tun da likita ya ce jinsa na gab da ɗaukewa yake tsere da kunnuwansa. A gwanjon intanet ya samo wannan ruɓaɓɓen garmaho, gara ta ci rabi, tsatsa ta ci saura. Wata huɗu yana fama da shi, don kawai ya ƙara jin faifan da ke ɗauke da muryar marigayiya mahaifiyarsa.

"Ƙara wana shi," in ji shi. "Don Allah, ƙara."

Ta rubuta masa a takarda: "Yana yi, Baban yara. Inna ce."

Ya kifa goshi a kan akwatin. Nan idonsa ya faɗa kan ramukan da ke bakin katakon, waɗanda ya sha tsine wa ɓera a kansu. A jere suke, daidai bakin mutum. Ashe mai shi na dā shi ma kurma ne, da haƙora yake saurare.

Ya sa haƙoransa a gurbin, ya cije. Muryar Inna ta biyo ƙashin muƙamuƙinsa, ta shigo.