Zaɓin Iya Tabawa

Tun da sabuwar dokar inshorar lafiya ta fara aiki, duk wanda ya kai saba'in sashe ɗaya tak na jikinsa gwamnati ke ɗaukar jinyarsa. Ranar da Tabawa ta kai, ta turo 'yarta Kande, wadda ba ta taɓa takawa da ƙafarta ba, a keken guragu har ofishin rajista.

Ma'aikacin ya duba gwajinta, ya sassauta murya. "Iya, zuciya za ki zaɓa. Ta fara gajiya."

"Rubuta gadon baya."

"In zuciyar ta tsaya fa?"

"Wannan na Allah ne, ɗan nan. Amma gobe da safe, wa zai ɗaga min Kande daga shimfiɗa?"

Kande ta riƙo bakin zanen uwarta tana hawaye. Tabawa ta dangwala yatsa a takardar, ta juya keken suka kama hanya.